Baba Mai Tawada Ya Ajiye Aiki

Shekara ashirin da biyu Baba Mai Tawada yana riga kowa buɗe ɗakin gwaje-gwaje na sashenmu a jami'a. Zai rataye jakarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya ɗaura takunkumi, ya goge ma'auni, sannan ya ɗauko kwalbar baƙin garin nan da ta ja masa laƙabi.

Garin kabon ne, 'yan bututu sirara da ido ba ya gani, ana kwaɓa su a shafa wa farantin batir don wuta ta samu hanya. Halinsu cukurkuɗewa kamar zare, sai an ɗiga musu wani sinadari ɗan'uwan sabulu kafin su watsu cikin ruwa. Wannan kwaɓin shi ne aikin Baba. Abokan aiki kan tsokane shi wai ko matarsa ba ta kai shi iya damu ba, shi kuwa ya ce a bar maganar kada ta ji.

Har yau ana tuna wata ɗaliba mai goyo. Saura mako uku ta kare bincikenta gaban malamai, amma duk batirin da ta haɗa mutuwa yake yi. Ta gaya wa Baba ta haƙura da digirin, gida za ta koma. Sai ya ɗaga kwalbar kwaɓinta saitin taga, ya karkata ta, ya ga kumfa.

"'Yata, sabulun ne ya yi yawa," in ji shi. "Kin raba 'yan bututun, amma kin lulluɓe su. Ta ina wuta za ta bi?"

Ta roƙe shi ya kwaɓa mata, ya ƙi. Kwana tara yana tsaye a gefenta, hannu a baya, tana awo tana ɓatawa tana sakewa, har allurar na'urar gwada batir ta tashi ta tsaya. A yau ita ce shugabar sashen, kuma ita ta sa hannu a takardar ritayarsa. Sai da ta fita ta wanke fuska kafin ta miƙa masa.

Baba, kai ne mai haƙurin da bai taɓa tsawata wa wanda ya fasa kwalba ba, sai dai ka duba ko ya yanke. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri.

Masu tasowa, ku yi koyi da shi. Yana nan da ransa, gwiwa ce kawai ta gaji. Ku je gida ku gaishe shi, ku riƙe littafi da biro, don yawancin abin da ya sani ba a rubuta shi ko'ina ba.