Motar da Ta Sha Man Gyaɗar Inna

Ranar wata Laraba cikin farin 1984, ina 'yar shekara tara, Baba ya juye man gyaɗar Innarmu cikin tankin motarsa. Tsohuwar motar soja ce da ya saya a gwanjo, mai ƙafa shida, injinta ba ya zaɓen abinci: gas, kananzir, baƙin mai, duk sha take. Gas ya ɓace a Sabon Birni, rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye, ga labari ya zo an sauke gero a Isa. Man nan da hannuna na taya Inna matse shi daga ragowar gyaɗar iri, ina satar tunkuza tana make mini hannu. Da Baba ya sirka shi da kananzir, Inna ta shige ɗaki.

Ni kuwa, sarkin rawar kai, na ɗare gaban mota ina yi wa ƙawayena gwalo. Kusa da Gangara injin ya fara shaƙewa, don man ya yi masa kauri. Baba ya tsaya gindin wata aduwa, ya buɗe bonet, yana murɗa sukurun famfon mai kaɗan-kaɗan yana kasa kunne. Motar na ruri, hayaƙinta na bin gari, kuma wallahi ƙamshin suyar ƙosai ne sak.

Sai ga mutane suna leƙowa ta kan darni. Wata tsohuwa ta tako da sanda, jikanta goye, wuyansa kamar sillen kara. Ta gaida Baba, ta ce, "Ɗan nan, ina aka suyar sadaka?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Mota ce, Iya."

Ta matsa bakin salansa ta shaƙa, ta daɗe tsaye. "Ashe ita ta samu," in ji ta.

Akwai sauran galan guda na man gyaɗar ƙarƙashin ƙafata. Baba ya dube shi, ya dubi hanya. In ya bayar, ba mu kai Isa. Ya rufe bonet muka wuce, na ja gyale na rufe fuska, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Mun samo geron, mun ci mun rayu. Yau jikokina har zubar da man suya suke wai ya tsufa, ina kallo in kasa faɗa. Baba bai sake cin ƙosai ba har ya koma ga Allah.