Ƙaramar Ƙofar Cyril Thackray

Ranar Talata, 9 ga Fabrairu 1988, Allah ya yi wa Cyril Thackray rasuwa. Na gaji da binne abokai, amma wannan ba zan yi shiru a kansa ba.

Cyril, ba wanda ya koya maka jifa. A bayan ramin kwal ɗin ƙauyenmu ka koyi kurket, wasan jifan ƙwallo da bugunsa da sanda, da ƙwallon tsumma. Da kanka ka kai kanka ƙungiyar gundumarmu, ka yi mata jifa har gwiwoyinka suka mutu. Ni ma motocin dakon da nake da su ba gadonsu na yi ba, shi ya sa na san abin da ka sha.

A zamaninka ƙofa biyu ce ta shiga fili. 'Ya'yan masu hali da ke wasa don nishaɗi su sauko ta babbar ƙofa, ku da ke cin abinci da wasan ku zagayo ta ƙaramar da ke gefe. Kyaftin kuwa dole daga cikinsu yake. Kai ka ba ni labarin wani kyaftin da ya raɗa maka a tsakiyar fili, "Thackray, ina zan tsayar da 'yan wasan nan?" Ka ce, "Ranka ya daɗe, kai dai tsaya can inda ƙwallo ba ya zuwa, ka bar mini sauran." Kuka ci wasan, aka tafa masa.

Da motata ta farko ta ƙone, kai ka zo da shayi a gora ka zauna da ni cikin toka. Ka ce, "Daina kumbura baki, ɗan'uwa, dama hayaƙinta ya ishi unguwa."

Bara na kai ka filin. An daɗe da soke waccan al'ada, mai gadi ya buɗe maka babbar ƙofa. Ka dube ta, ka ja sandarka ka nufi ƙaramar. "Ƙafata ta saba," ka ce.

Yanzu na ji kwamitin ƙungiyar zai rushe ƙaramar ƙofar a yi wurin ajiye motoci. Sunayen kyaftin-kyaftin suna bangon zaure da ruwan zinariya, naka babu ko'ina.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Ya ba Doreen matarka da 'ya'yanku haƙuri.

Ku kuma 'yan kwamiti, ba roƙo nake yi ba. Ku bar ƙofar nan a tsaye, ku rubuta Cyril Thackray a kanta. Motata za ta kawo dutsen da za a sassaƙa sunan a kai.