Baba Sai-Ya-Sauka Ya Ajiye Gora

Ina shanya a tsakar gida maƙwabciyata mai injin niƙa ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Matar Tela, kin ji mai fito ya ajiye gora? Kafaɗa ta ƙi, ido ma ya soma hazo. 'Ya'yansa sun ce ya isa haka." Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Autata tana zaune a bakin ƙofa da tsohon ciki, hadari kuma yana haɗowa ta gabas. Na juya mata baya don kada ta ga fuskata.

Wanda bai san garinmu ba, ba zai gane abin da ya tayar min da hankali ba. Kogi ne ya raba mu biyu. Tsohon gari yana gindin dutse, inda kakanninmu suka fara sara. Da aka mai da garin hedikwatar ƙaramar hukuma, sai aka ce wajenmu duk tudu da kwari ne, aka je aka gina sakatariya a ƙetare inda ƙasa take a shimfiɗe. Asibiti ya bi ta, kotu ta bi, makarantar sakandare ta bi, daga baya kasuwa ma ta naɗe tabarmarta. Mu aka bar mana gonaki da rijiyoyi da maƙabarta. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce a can ake haihuwarmu, a nan ake binne mu, tsakani kuwa muna hannun mai fito. Gada kam an kafa mata ginshiƙai tun ina goyon fari, har yau balbelu ne ke hutawa a kai. Da rani yaro ma yana ratsa kogin da ƙafa. Da damina kuwa sai kwalekwale.

Kafin rana ta fito Baba mai fito yana bakin mashigi. Zai kwashe ruwan da ya kwana a jirgi da wani tsohon kwano, ya shafa katako da tafin hannu ko akwai inda ya buɗe. Sannan ya miƙe ya dubi wani baƙin dutse da ke tsakiyar ruwa, wanda muke kira Tozo. In Tozo yana waje, a shiga. In ruwa ya rufe shi, ko wane ne kai, amsa ɗaya ce: "Sai ya sauka." Nan sunan Baba Sai-Ya-Sauka ya samo asali, har yaran yanzu ba su san yana da wani ba.

Shi yake zaunar da kowa da kansa. Na sha jin yana ce wa mahaucin unguwarmu, "Kai tsakiya, ɗan'uwa, kai da buhun gero uwa ɗaya uba ɗaya." Mahauci ya ce, "To kai da gorarka fa, wa ya fi wani nama?" Jirgi ya ɗauki dariya. Kuma ba ya yanka ruwa kai tsaye. Sai ya bi gaɓa ya haura har gindin tsamiya, sannan ya saki jirgi ruwa ya gangaro da shi a karkace, ya dire daidai matakalar asibiti. Baƙi sukan ce ɓata lokaci ne. Malaman makaranta da unguwarzoma da suka yi shekaru suna bin sa za su gaya maka ko takalmin ɗalibi bai taɓa salwanta a hannunsa ba.

Ni ma na ji wannan amsa tasa, a ranar da ba na son jin ta. Daminar bara ciwon ƙirji ya kayar da maigidana da safe. Aka ɗauko shi a amalanke zuwa mashigi, muka tarar ruwa ya yi ja, Tozo babu ko alamarsa.

Na ce, "Baba, dubi numfashinsa."

Ya ce, "Na gani, 'yata. In na sa shi a ruwan nan, ku duka zan rasa. Sai ya sauka."

Na durƙusa na riƙe ƙafarsa. Ya tuɓe rigarsa ya ɗaura a gora ya yi wa maigidana inuwa, ya zauna ya ɗora kan maigidana a cinyarsa. Maigidana ya buɗe ido ya ce, "Baba, ɗinkina ne wannan, kada ka yaga min." Baba ya ce, "Ɗinkin da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo?" Muna nan zaune wata itaciya ta wuce da saiwoyinta sama, bayanta saniya tana juyawa. Sai da rana ta karkata Tozo ya leƙo, kafin in ɗaure zanena har ya tura jirgi.

Maigidana ya cika a asibiti bayan 'yan kwanaki. Akwai masu cewa da an haye da safe da ya tashi. Ban sani ba, likita ma bai ce ba. Abin da na sani, da an haye da safen, da ni da ɗana da ƙanin mijina duk muna cikin jirgin nan. Kai ne ka kai shi, Baba, kai ne ka dawo mana da shi a rufe, kana tuƙi hawaye na bin gemunka. Ka iya cewa a'a kana kallon idon mace mai kuka, ka kuma ɗauki zagin da ya biyo baya ba ka rama ba. Gadar garinmu mai ƙafa biyu, sannu da aiki.

Yanzu wasu samari ne a mashigi da jirgi mai inji. Ba yaran banza ba ne, suna gaida mutane, kuma suna da sauri. Amma ranar da ruwan farko ya sauko na ga sun haye Tozo a rufe, suna ta shewa. Na dawo gida ina tunanin autata. Naƙuda ba ta duba kogi kafin ta zo. In ta kama autata ruwa a cike, a bar ta a gida in rasa ta, ko a sa ta a jirgin da ba ya cewa a'a?

Na je na same shi a zaurensa, an ɗaure masa kafaɗa. Tun kafin in gama gaisuwa ya ce, "Matar Tela ce? Yaya mai nauyi?" Na faɗa masa abin da ke hana ni sukuni.

Ya ce, "Kada ku jira ciwo. Ku haye da ita yanzu, tun damina ba ta zauna ba. Ƙanwata tana bayan asibiti, ɗakin 'yarta babu kowa. Surutu ne da ita kamar rediyo, amma za ta riƙe miki ita."

Na ce, "Sauran matan gari fa, Baba?"

Ya ce, "Kafaɗa ce ta mutu, ba baki ba. Gobe zan sa a kai min kujera gindin tsamiya. Ido ya yi hazo, amma ruwa in ya cika muryarsa daban ce. Samarin nan za su ji tsawa har su gaji."

Surukina ya ɗan yi gunaguni, wai matarsa a gidan mutane. Na ce ya je ya tsaya a mashigi ya dubi ruwan, sannan ya dawo mu yi magana. Washegari shi ya ɗauki jakarta.

Baba, na gode. Matan tsohon gari sun gode. Allah ya sassauta maka kafaɗar nan, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma samarin mashigi, ku rage gudu ku saurari tsohon da ke kan kujera. Inji ya ba ku ƙarfi, amma bai koya muku tsayawa ba, kuma 'ya'yan mutane kuke ɗauka.

Autata ba ta sauka ba tukuna, ruwa kuwa kullum ƙaruwa yake. Muna da waya, amma murya tana iya ɓoye ciwo. Saboda haka kowace yamma nakan je bakin gaɓa in tsaya, har sai ta fito ta can ƙetare tana tafiyar agwagwa, ta ɗaga min mayafinta. In ɗaga mata nawa, sannan in koma in ɗora tukunya.