Mashin ɗin Bulus da ba ya tashi sai da turi

Bana shekara shida ke nan da muka raka gawar Bulus filin jirgi, kuma har yau in sanyin Dubai ya shigo, cinyoyina ne suke fara tuna shi kafin zuciyata. Ba wasa nake ba. Bawan Allahn nan ya sa ni turin mashin da girmana da furfurata, shekara da shekaru, kuma ban taɓa fashi ba.

Bulus mutumin Kagoro ne, gyaran esi yake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ni kuwa Bakano ne, kayan kicin nake saye ina lodawa a kwantena. A wajen cin tuwo muka haɗu a Al Ras, ya ji ina yi wa mai abinci ƙorafin miya, ya ce Kanawa ko a Aljanna sai sun yi ciniki. Daga nan muka ƙulla. Aikinsa na lokacin zafi ne, da zarar gari ya ɗau wuta ba ka ƙara ganinsa, yana can kan rufin gidajen mutane. Sai sanyi ya sauka esi ya huta, shi ma ya huta. Hutun Kirsimeti zuwa sabuwar shekara kuwa, in bai samu zuwa gida ba, a bayan wani sito yake yin sa a Al Qusais.

A can ya ajiye wani tsohon mashin ɗan Japan da ya tsinto a wajen 'yan gwangwan na Sharjah. Mai siton, wani dattijon Balarabe, shi ya ara masa lungu. Garejin ke nan gaba ɗaya: kwali a shimfiɗe a ƙasa, notoci a gwangwanin tumatir, fetur a yankakkiyar jarka don wanke kaburata. In ka gan shi a tsugune sai ka rantse a bakin titin Kano kake. Masu hali suna wucewa da manyan mashina a kan tirela za su sahara shan iska, mu muna nan muna miƙa masa sifana. Akwai Garba, direba ɗan Maraɗi, wanda har gobe moto yake ce wa mashin, buji yake ce wa fulogi, su yi ta musu da Bulus a kan wane ne bai iya Hausa ba. Akwai wasu da yawa, masu zuwa sayen kaya da masu aiki a nan, Musulmi da Kirista. Wani ya kawo shayi, wani ya kawo surutu kawai.

Kowane sanyi da abin da Bulus yake gyarawa. Wata shekara fenti, wata shekara salansa, wata shekara ya kwance injin kaf ya mayar. Abu ɗaya ne bai taɓa taɓawa ba, shi ne kik. A karye ya sayo mashin ɗin, a karye ya bar shi. Saboda haka in an gama aikin ranar sai ya haye, ya sa giya ta biyu, ya damƙe kuloci, ya ce, "Yalla, Alhaji!" Mu kuma mu dafa kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, mu zuba a guje kamar an biyo mu. Ya saki kuloci, mashin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Ba shi da lamba, ba ya hawa titi, zagayen harabar siton kawai ake yi. Abin haushin, in ya gama zagayensa ba zai miƙa maka shi yana aiki ba, sai ya kashe. Wanda ya hau shi ne kan gaba a turin na gaba, haka dokar take.

Wata rana na gaji, ina haki, na ce, "Injiniya, tsakaninka da Allah, kai da kake farfaɗo da esin bene guda, kik ne ya gagare ka?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Alhajin Allah, in ya tashi da kansa, wa zai zo?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, na ce rainin hankali ne irin nasa. Shi kuwa ya ci gaba da goge sarƙa.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, a tsakiyar zafi, lokacin da ba ma haɗuwa. Sai waya aka yi min. Ban iya ba da labarin wannan ranar ba, kuma ba zan gwada a nan ba. Na yi kuka, kukan da ban yi tsammanin akwai shi a jikina ba. Allah ya ji ƙansa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin nan yanzu. Mashina sun cika titi, kowanne da akwatin abinci a baya, yaran suna gudu kamar za su tashi sama. Maɓalli kawai suke dannawa, wasu ma ko ƙara ba sa yi, caji ake musu kamar waya. Na san zai tsaya ya bi su da kallo, ya ce sun yi kyau, sannan ya tambaya ko akwai wanda ya san sunan wani a cikinsu. Mu ma ɗin mun canza. 'Yan kasuwar da suke zuwa da ƙafarsu yanzu daga Kano suke turo hoto a waya, a saya musu a loda. Wasu biza ta ƙare sun koma, wasu sun yi China, wasu suna nan unguwar International City amma sai ka shekara ba ka gan su ba. Kowa ya ce in sha Allah, kuma kowa ya san abin da yake nufi.

Sanyin farko bayan rasuwarsa mun taru da yawa, mun wanke fulogi, mun tura, mun zagaya. Na biyu aka ragu. Bara daga ni sai Garba. Na hau, ya tura shi kaɗai, bayansa ya riƙe. Ya hau, na tura, gwiwata ta ce ba da ita ba. Mashin ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Muka tsaya muna kallon juna, tsofaffi biyu suna haki a bayan sito, muka mayar da shi lungu muka lulluɓe da tamfol. Wallahi na gaji. Na gaji da garin, na gaji da lodi, na gaji da lallashin mutane su zo wurin da zuciyarsu ta riga ta bari.

Bana mai siton ya kira ni. Ya tsufa, 'ya'yansa za su karɓi wurin, suna son lungun kafin sabuwar shekara. Ya yi mana alheri mai yawa, ba ni da bakin magana. Sai na buga wa Rahila, babbar 'yar Bulus, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin ƙauye a can wajensu. Na ce ga halin da ake ciki, a sayar ko a aiko?

Ta ce, "Baba Alhaji, ku aiko min da shi. Hanyar wurin aikina ba ta mota ba ce, kuma na fi son na Babana a kan sabo." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma don Allah a gyara kik ɗin. Ni kaɗai nake fita da safe, ba ni da mai tura ni."

Da na faɗa wa Garba sai ya murtuke. Ya ce moton Bulus ba ya da kik, in an sa masa kik ya zama moton kowa. Na ce to ita yarinyar fa, ta tsaya a bakin hanya tana roƙon masu wucewa, mara lafiya yana can yana jira? Ya ce shi dai ba da hannunsa ba. Na ce khalas, shi ke nan, ba da hannunka ba. Washegari shi ya riga ni zuwa, har ya shimfiɗa kwali.

Ba mu da kanikanci, daga ni har shi. Abin da muka sani a miƙa sifana muka koya. Muka je Sharjah muka samo kik na irinsa, muka buɗe gefen injin, baƙin mai ya wanke min gaban riga. Akwai wani ɗan sifirin da ya yi ta tsalle yana ɓuya a ƙarƙashin kaya, Garba yana zaginsa da Faransanci. Muka ɗaura a karkace, muka kwance, muka sake. Hutun gaba ɗaya a nan ya tafi, kuma ban da mu biyu ba wanda ya leƙo.

Ina aikin ina ta shawara da mamaci. Ban san ko zai yarda ba. Wani lokaci in ga kamar cin amana muke yi, muna rushe abin da ya gina da gangan. Wani lokaci kuma in ce haba, Bulus da ya bar gida ya ƙare ƙuruciyarsa a kan rufin mutane saboda yarinyar nan, shi ne zai so ta tsaya neman mai turi? Taron da ya haɗa ya watse, wannan ba na musu, kik ɗin da ya hana mu bai riƙe kowa ba bayan ransa. Abin da ya rage daga gare shi bai wuce 'yarsa da ta san inda za ta da safe ba, sai Bakano da ɗan Maraɗi waɗanda ba abin da ya haɗa su in ba shi ba, suna faɗa a kan noti.

Shekaranjiya da hantsi muka gama. Masu kago da za su kai shi gida sun ce a tsiyaye mai kafin a kawo, saboda haka muka ce a gwada tukuna. Na haye, na buɗe fetur, na yi bisimilla, na taka. Bugu ɗaya ya tashi, ko tari bai yi ba. Na waiwaya zan yi wa Garba albishir, sai na gan shi a bayana ya cire takalmi ya naɗe ƙafar wando, ya dafa kariya da hannu biyu, ya sunkuya. Mashin yana ta ruri, shi bai saki ba, ni kuma na kasa ce masa ya saki.