Na ɓoye tabaran Kaka, ni na ƙare a ruɗe

Tabaran Kaka yana aljihuna, ina laɓe a ƙofa ina jiran ta fara lalube, sai na ga ta zura zare a allura karo ɗaya.

Ƙanwata Nana ce ta jawo. Ita ke zuwa lise, wato sakandaren boko, ni allo kawai na yi, sai take fassara min wani littafin Faransanci na tatsuniyar Girkawa: tsofaffi uku 'yan'uwa masu tsafi, ido ɗaya suke karɓa-karɓa, wani saurayi ya sace shi har suka faɗi sirrinsu. Na ce ai muna da irinsu. Kaka da ƙanwarta Iya Hajara ta unguwar Birni tabarau ɗaya suke amfani da shi. Shi ne na ɓoye shi, ni ma in ji nasu sirrin.

Na fito daga inda na laɓe na ce, "Tsohuwa, da me kika ga kafar allurar?"

Ta ce, "Maigida, idona garau yake. Tun rasuwar mijinta Hajara ba ta fita. In tabaran yana nan, dole ta tako ta karɓa. Kada ka faɗa mata."

 Sai na kai wa Iya Hajara tabaran da kaina. Ta harare ni.

"Wa ya aike ka? Ni ba na buƙatarsa. Yayata ce kaɗaici ya dame ta, shi ne dalilin zuwana. Maza mayar, kuma ka yi shiru."

Na mayar. Yau da hantsi ta zo, suna ta faɗa a kan wadda ta fi daɗewa da shi.

Jama'a, a ganinku kowacce ta san ɗayar tana yaudararta, ko ni kaɗai suka mayar wawa?