Kwalaben da Suka Zo daga Aston

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da bawa ya ɓoye tun kafin bawan ya sami ƙarfin halin faɗa.

A shekarun da gwamnatin wannan ƙasa ta tsuke bakin aljihu, ana rufe ɗakunan karatu na unguwanni ana sallamar ma'aikata, ina zaune a unguwar Longsight da ke Manchester tare da matata, a gidan 'yarmu mai bincike a jami'a. Na riga na ajiye aikin koyarwa a gida. Abin da ya rage mini shi ne zaman Lahadi bayan la'asar, inda ɗalibai 'yan ƙasarmu kan taru a falo mu karanta fiƙihu, babi bayan babi.

Ina da aboki a Birmingham, Kirista, mutumin Filato. Ɗaki ɗaya muka zauna a kwalejin horon malamai shekara arba'in da suka wuce, kuma shi ne yake tashina sallar asuba idan barci ya danne ni. Yana kirana Alaramma tun ban haddace abin kirki ba, ni kuma ina kiransa Dattijo tun kafin cocinsu ta ba shi wannan matsayi. Da council, wato hukumar gari, ta rufe cibiyar matasan da yake aiki a cikinta, sai giyar kanti ta fi ƙarfin aljihunsa, ya koma dafa tasa a wata rumfar katako a bayan gidansa da ke unguwar Aston. Na sani. Na yi masa nasiha sau ɗaya, ya saurara cikin ladabi, muka bar zancen. Bai taɓa sha a gabana ba.

Wata rana na je ta'aziyya unguwar Small Heath da ke Birmingham, na biya ta wajensa. Na tarar da kwalabe jere cikin kwalaye a bakin ƙofa, masu ruwan ƙasa, masu murfin da ake maƙalawa da waya.

Ya ce, "Alaramma, ka zo a daidai. Yau na yi ritaya ta biyu, daga wankin kwalba."

Ya bayyana mini cewa kowace dahuwa kwalba arba'in take ci. Sai ya wanke su ɗaya bayan ɗaya da buroshi, ya zuba sukari kaɗan a kowace, ya cika, ya rufe, bayansa na ƙara. Ga shi ɗaya ta fashe a ƙarƙashin matakalar bene, matarsa ta ce ya zaɓa, ko ita ko kwalaben. Sai ya samo gangar ƙarfe ta gwanjo, wadda yake ce wa keg: wanki ɗaya, famfo ɗaya.

"Tulun burukutun tsohuwata ne ya dawo," in ji shi, "sai dai ya sa rigar ƙarfe."

Ni ne na roƙi kwalaben, ba shi ya tallata mini ba. 'Yata ta kusa haihuwa, matata kuma tana son yin zoɓo da kunun aya ranar suna, tana ƙorafin cewa robar ruwa tana ɓata ɗanɗano. Hukuncin kuwa ban yi shakkarsa ba. Gilashi ba ya shan abin da aka zuba masa kamar yadda tukunyar ƙasa take sha, saboda haka wanki da ruwa mai tsarki ya wadatar. Na karantar da wannan mas'ala ba sau ɗaya ba.

Ya tambaye ni, "Sau nawa shari'arku ta ce a wanke?"

Na ce, "Har launi da ɗanɗano da wari su gushe."

"To, bar mini. Kai ba ka san warin ba, ni na san shi."

Mutumin da ya sayi ganga don ya huta da wankin kwalba ya sake tsayawa ya wanke arba'in ɗin nan sau uku, ya tafasa su, ya canza robar kowane murfi. Sa'an nan ya loda su a motarsa ya kawo mini har Manchester. Na ce lallai ya dawo ranar suna, ya ce ko ban gayyace shi ba zai zo.

Ranar suna, bayan azahar, maza suka cika falo. Dattijo yana zaune dab da ni, sanye da babbar riga da hula, ba mai bambanta shi da kowa. Aka shigo da kwalaben, sun yi sanyi, ana ta buɗewa. Sai ɗaya daga cikin masu zuwa karatun Lahadi, magidanci mai digiri na uku a fannin injiniya, ya ɗaga tasa wajen hasken taga yana murmushi.

"Allah gafarta Malam, irin waɗannan fa na taɓa hanga a tagar wani pub, gidan giya, a Stockport Road. Ko dai mun shiga hannu ne?"

Aka yi dariya. Wasa yake yi. Amsar gaskiya tana kan harshena, gajeriya ce, har da darasi a cikinta. Amma na dubi fuskokin mutanen da suke durƙusa mini, na ji tsoron a koma gida ana cewa Malam yana da abokin da ke dafa giya. Na ga Dattijo ya buɗe baki zai yi magana, sai na riga shi.

Na ce, "Sababbi ne. A kanti aka sayo."

Wani daga gefe ya ce, "Wannan baƙon namu fa, Malam? Ba a gabatar mana ba."

Na ce, "Wani ɗan ƙasarmu ne daga Birmingham."

Dattijo ya shanye zoɓonsa har ƙasa. Ya sa wa jaririn albarka, ya miƙa kyautar da matarsa ta aiko, ya ce hanya da nisa, ya tashi kafin a kawo tuwo. Ban raka shi mota ba. Da yamma, matata tana ɗauraye kwalaben, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Malam, daga kicin na ji ka. Shekara arba'in, yau ya zama wani."

Abin da ya fi ba ni kunya ba ƙaryar kaɗai ba ce, har da abin da na yi da ilimina bayanta. Na yi kwanaki ina nema mata mafita. Na ce wa raina ai asalin kwalaben daga kanti suke, wataƙila maganar ta shiga babin zancen da ke ɗaukar fuska biyu, wanda malamai suka yi rangwame a kansa. Amma kalmar "sababbi" ta toshe wannan ƙofa, kuma na san rangwamen an yi shi ne domin mai tsoron zalunci, ba mai tsoron raguwar girma ba. Mako bakwai ban kira shi ba, shi ma bai kira ni ba.

Daga ƙarshe na hau mota na tafi Aston. Shi ya buɗe ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Mai kanti yana nan. Me za a saya?"

Ya shigar da ni, ya dafa shayi. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban yi wa kaina ado ba.

Ya ce, "Zancen kwalba tsakaninka da Ubangijinka ne. Da ka ce na giya ne aka wanke, ni zan ɗan ji kunya, kuma zan iya ɗauka. Amma da ka ce wani ɗan ƙasarmu, sai na rasa inda zan ajiye hannuna."

Na roƙe shi gafara.

"Na yafe tun kafin in fita daga Manchester. Mantuwa ce ban yi maka alkawari ba. Sha shayinka, zai huce."

Lahadin da ta biyo na ɗora kwalba ɗaya a gaban masu karatu, na faɗa musu inda ta fito, da wanda ya wanke ta, da matsayinsa a wurina, da ƙaryar da na yi. Na jira abin da na ji tsoro. Injiniyan nan ya ce, "To ai gilashi ba ya sha, Malam. Kai ka koya mana." Wani ya tambaya ko a buɗe inda muka tsaya. Iyakar abin ke nan. A kan wannan na sayar da abokina.

Muna waya har yanzu, yana tambayar jikana, ina tambayar bayansa. Na gayyace shi Longsight sau da dama, kullum da uzurin da yake kawowa, kuma ba ni da bakin matsa masa. Tun ranar sunan nan bai sake ce mini Alaramma ba. Malam yake cewa, kamar kowa. Allah ya yafe mini abin da bawansa ya riga ya yafe.