Mai Ɗibar Ƙasa da Gyambon Inna

Shekarar da aka ce ruwan dam zai ci ƙauyenmu, gyambon da ke ƙaurin Inna ya daina jin allura. Da can, malamin asibiti na yi mata allurar sai gyambon ya kame. Wannan karon an tsira mata har ta kasa zama, gyambon kuwa sai ƙara buɗewa yake, yana wari. Ni ce babbar 'yarta, ni ke wanke shi da ruwan ɗumi da gishiri.

Ana cikin haka wani baƙo ya sauka daga kwalekwalen Warra da akwatin ƙananan kwalabe, wai daga jami'a. Ya je ya tsuguna a mashaya, daidai inda mata ke takawa, yana kankarar ƙasa da cokali. To, mu dai mun san mai ɗibar ƙasar sawun mutum, da abin da yake yi da ita. Har mata suka koma jan reshe a bayansu don share sawu. Ni kam tun ganin farko ban yarda da shi ba. Fara'arsa ta yi yawa, irin ta waɗanda suka zo awon gonakinmu saboda dam.

Malamin asibiti ya kawo shi gidanmu. Baƙon ya ce ƙwayoyin cutar sun saba da allurar, shi ya sa yake neman sabon magani, kuma a cikin ƙasa ake samun irinsa. Yana so ya dangwali ruwan gyambon ya je ya gwada.

Na ce, "Ƙasar ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da jikin mutum?"

Inna ta ce, "Bar shi, ɗiyata. In sammu na, mi ya yi saura ga ƙafar ga da za shi ɓatawa?"

Ya dangwala da auduga, ya rufe a kwalba, ya ce zai dawo bayan damina.

Kafin nan aka kwashe mu zuwa sabon gari a kan tudu, ruwa ya shafe tsohon. Inna ta sa ni bin masu fito ina roƙonsu in sun ga mai kwalabe su nuna masa inda muka koma. Ina yi ina jin haushi. Da gyambon ya kai ga ƙashi, aka kai ta babban asibiti aka yanke ƙafar. Tana farfaɗowa ta tambaye ni ko na bar saƙo a bakin fito.

Har ta rasu cewa take bawan Allah ya dawo ya tarar da ruwa. Ni ina ganin bai taɓa niyyar dawowa ba, amma ban taɓa gaya mata ba.